Jan Kifin Malam Shitu

Kifin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma da Saude ta ɗaga kwalbar ta saita ta da hasken ƙofa, sai jikinsa ya kama kamar an hura garwashi a cikin ruwa. Ja ne wur daga kai har wutsiya, da ɗigo-ɗigon shuɗi a gefen ciki, bakin wutsiyar kuma da wani siririn farin layi. Dakta Ukasha ya miƙa hannu ya karɓi kwalbar, ya daɗe yana juya ta.

"Ka gan shi?" in ji Malam Shitu daga kan tabarma. "Ni yanzu jan kawai nake iya hangowa, shi ma sai rana ta take. Saude ce idona."

Malam Shitu shi ne ya koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Tudun Wada har ya yi ritaya, ya dawo ƙauyensu da ke kudu da garin, kan hanyar Falgore. Yanar ido ta fara rufe masa gani, amma muryar tana nan yadda Ukasha ya san ta a aji, mai kaifi, mai jiran amsa. Saude 'yarsa ce, malamar firamare, gidan aurenta yana bayan nasa. Ita ce ta yi ta neman lambar Ukasha har ta samu, ta shaida masa cewa tsohon malaminsa yana da abin da yake so ya nuna wa masanin kifi kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

Ukasha ya zo ne don gudun a ce ya ƙi. A jami'ar da yake koyarwa a birni, shekara da shekaru ke nan yana ƙirga ɓawon kifayen da wasu suka riga suka raɗa wa suna. Duk kwalbar da ya ɗauka a ɗakin gwaji, sai ya tarar da sunan wani Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakansa a maƙale bayan sunan kifin. Waɗanda ya koyar sun zama farfesoshi, shi kuwa yana nan a Dakta, furfura tana ta cin gemunsa.

"Daga ina yake?" ya tambaya.

"Daga kududdufin da ke tsakiyar fadamata. Da rani wurin yakan bushe ƙurmus, har ƙasar ta tsattsage. Ruwan farko yana sauka, ba a jima ba sai ka ga 'ya'yan kifi. Mutanen garin nan cewa suke yi daga sama suke faɗowa. Wasu kuma su ce 'ya'yan gaiwa ne, tunda ita ma a cikin laka take rani." Malam Shitu ya yi dariya. "Na sha gaya muku a aji, kar kamanni su ruɗe ku. Jemage yana tashi, amma nono yake ba ɗansa. Gaiwa ita da kanta take kwanciya a laka. Wannan kuwa mutuwa yake yi kafin kaka, ƙwansa ne yake zama a ƙasa yana jiran ruwa. Hali ɗaya, gida daban."

"Haka ne, Malam."

"Danginsa na san su, suna cikin littafi. Amma shi ban same shi ba. Na ƙirga ƙayoyin fiffiken bayansa tun ina gani sosai, ba su yi daidai da na kowa ba. Tashi mu je ka ga gidansa."

Suka bi ta tsakanin masara, Saude tana riƙe da hannun mahaifinta. Damina ta yi tsakiya, hanyar duk santsi. Daga nesa ana hango duhun itatuwan Falgore, da wasu shanu suna kiwo a bakin dajin. Fadamar shinkafa ce kore shar ta ko'ina, sai a tsakiyarta aka bar wani wuri mai faɗin kamar tsakar gida, ruwansa kalar shayi, ciyawa ta kewaye shi. Wani magidanci yana tsaye a kan kunya da fartanya a kafaɗa. Ya gaishe da baƙon sama-sama.

"Abdullahi ke nan, babban ɗana," in ji Malam Shitu. "Shi da kududdufin nan ba sa ga maciji."

"Ba haka ba ne, Baba," in ji Abdullahi. Ya juya ga Ukasha. "Dakta, ka duba da idonka. Nan ne wuri mafi kyau a gonar nan. Ya hana a sa garma, ya hana a yi feshi ko kusa da shi, ya hana shanu sha. Har sunan wasa aka sa masa a gari, Sarkin Ruwan Kududdufi. Ni ake yi wa dariya a kasuwa. Don Allah in kifin banza ne ka gaya masa."

Ukasha ya tsuguna. Ya sa 'yar koma ya ɗebo, ya zaɓi namiji ɗaya ya kwantar da shi a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, ya fito da madubin ƙara girma. Ya ƙirga ƙayoyin fiffiken baya. Ya sake ƙirgawa. Sun zarce na mafi kusa da shi da uku. Ya bi jerin ɓawon gefe, ya duba inda fiffiken ciki ya faro, ya dawo kan farin layin wutsiya. Duk nau'in da ke cikin wannan dangi a yammacin Afirka Ukasha ya haddace shi kamar karatun sallah, kuma ya san babu wannan a cikinsu.

Yana nan tsugune Malam Shitu ya ce, "Ba wani abu nake nema ba, Ukasha. In ya tabbata sabo ne, mu rubuta shi tare, ni da kai. Sunan kuma a sa na marigayiya, uwar yaran nan. Kaltume ce ta fara kawo mini shi a ƙwarya, ta zo kawo abinci gona. Na san ƙa'idar, in sunan mace ne sai a ƙara masa wutsiyar Latin irin ta mata. Na daɗe ina faɗarsa a bakina ni kaɗai."

Ukasha bai ɗago ba. Ya san ƙa'idar shi ma. Kowane nau'i sunansa biyu, na jinsi da nasa na kansa, sannan a bayansu sai sunan wanda ya raɗa, wanda ba ya goguwa muddin ana karatu a duniya. In aka rubuta tare, sunan Shitu ne zai zo gaba, kuma duk wanda ya ji labarin zai ce wani tsohon malamin ƙauye ne ya gano, Dakta ya taya shi ƙirga. Sai ya tuno wata rana a aji, an ba su ƙwaron fara su zana. Ya kawo zane mai kyau wanda ya kwafo daga littafi, Malam Shitu ya ɗaga shi sama a gaban kowa ya ce, "Ukasha yana da hadda, amma ba shi da ido." 'Yan aji suka yi dariya, har da 'yan matan layin gaba. Tsohon ya manta da wannan rana tuntuni. Ukasha bai manta ba.

Ya mayar da madubin aljihu, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Malam, wannan ai sananne ne."

Malam Shitu ya karkato da kunne. "Na'am?"

"An rubuta shi tun kafin a haife ni. Yana nan birjik daga nan har fadamun Haɗeja. Ɗalibanmu na shekarar farko da shi suke koyon yanka."

"Amma ƙayoyin fa? Na ƙirga..."

"Ka ƙirga ba daidai ba. Ba laifinka ba ne, ƙila tun lokacin idon ya fara taɓuwa. Littafin da kake dogara da shi ma mun daina amfani da shi, an gyara kusan rabinsa."

Iya nan ya isa, shi ma ya san ya isa. Amma ya ga yadda fuskar tsohon ta saki, ya ji wani daɗi yana taso masa daga ciki, sai ya ƙara da cewa, "Irin wannan aikin ba a yin sa da sha'awa kawai, Malam. Da ka tambaya tun da wuri, da ba ka wahalar da yaran nan ba."

Abdullahi ya yi wata 'yar gajeriyar dariya, ya kau da kai. Saude ta dubi ƙasa.

"To," in ji Malam Shitu. Ya laluba ya kama hannun 'yarsa. "To. Alhamdu lillahi. Gara da na tambaya."

Da suka koma gida, tsohon ya sa aka fito da wani kwali cike da kwalabe, kifin kowace damina a cikin ruwan maganin da ke hana ruɓa, ya ce ko za su yi wa ɗalibai amfani. Ukasha ya dube su yana kwaɗayinsu. Amma wanda ya ce abu birjik yake ba ya ɗaukar kwalinsa. Ya ce ɗakin gwajinsu ya cika da irinsu. Ya dai karɓi guda biyu masu rai, mace da namiji, a gorar ruwa, wai don yaransa su yi kallo. Malam Shitu ya rako shi har bakin mota, ya sa Saude ta saka masa ƙwan zabi da ɗanyar masara a bayan motar, ya yi masa addu'a doguwa.

Kifayen ba su kai Kano da rai ba. Zafin mota ya kashe su tun kafin Kwanar Dangora, kuma kafin ya samu sa su a magani namijin ya kumbura, jan ya koma toka-toka. Abin da ya iya tsira da shi ɗan yankin fiffike ne. Ya aika da shi wani ɗakin gwaji a ƙasar waje don a karanta ƙwayoyin halittarsa.

Amsar ba ta zo ba sai da rani ya yi nisa. Ya kulle ofis, ya zuba bayanan a kwamfuta tare da na duk dangin kifin da aka taɓa karantawa, ya bar ta tana auna inda suka yi daidai da inda suka saɓa. Bishiyar dangantaka ta fito a allon, rassa suna rabuwa biyu-biyu, kowace mararraba tana nuna kakan da aka haɗa. Sanannun nau'o'in yankin suka taru a wuri ɗaya kamar 'yan ɗaki guda. Kifin kududdufin bai shiga cikinsu ba. Reshensa ya ɓalle tun daga can ƙasa, ya miƙe shi kaɗai, dogo, kuma mafi kusa da shi wasu kifaye ne da ke can gabas, bayan Tafkin Chadi. Ma'ana tun zamanin da koguna suke bin wasu hanyoyi daban, aka yanke kakanninsa daga 'yan uwansu, suka yi ta mutuwa suna farfaɗowa a cikin laka har suka zama wani abu na daban.

Ukasha ya kifa kai a kan tebur, ya yi dariya har da hawaye. A ranar ya zaɓi suna. Na wani babba ne a jami'ar, wanda ke zama a kujerar tsakiya in ana duba ƙarin girma.

Mujallar da ya tuntuɓa ta ce sakamakon yana da ban sha'awa, amma ba a raɗa wa nau'i suna da guntun fiffike da ruɓaɓɓen kifi. Suna son samfura masu kyau, maza da mata, wanda za a ajiye a matsayin ma'aunin nau'in, da hoton mai rai, da bayanin wurin. Ya yi tunanin ya je ya haƙo busasshiyar lakar ya jiƙa ta a birni, amma me zai ce wa mutanen gidan in sun gan shi da buhu a gonarsu? Ya haƙura ya jira damina.

Da ruwa ya zauna, ya loda koma da kwalabe da na'urar ɗaukar hoto, ya kama hanya shi kaɗai. Bai bi ta gidan ba. Ya ajiye mota a bakin burtali, ya ratsa masara da sauri, yana shirya abin da zai faɗa in an gan shi.

Ya fito fadamar ya tsaya. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗauka ɓata ya yi. Shinkafa ce shimfiɗe daga wannan kunya zuwa waccan, babu ko tabo. A tsakiya, inda ta fi duhun kore, Abdullahi ne goye da tankin feshi yana tafiya a hankali, warin maganin ciyawa ya cika wurin.

"A'a, Dakta ne? Sannu da zuwa." Wannan karon da fara'a ya tare shi. "Kai ne ka raba mu da wahala. Kana tafiya Baba ya ce in yi yadda nake so da wurin. Da rani na sa tifa ta juye ƙasa, tarakta ta bi ta kai. Dubi yadda ta yi, ta fi ko'ina kyau."

Ukasha ya shiga cikin shinkafar da takalminsa, ya sa komar a ruwan da bai wuce idon sawu ba, ya ja, ya sake ja. Laka ce kawai da matattun ƙwari. Abdullahi yana kallonsa, fara'ar tana raguwa a fuskarsa.

A gida ya tarar da Malam Shitu a zaure, ya rame, idanun sun yi fari fat. Saude tana gefensa tana yanke masa farce. Tsohon ya gane muryar tun daga sallama.

"Ukasha! Ka kyauta da ka sake zagayowa. Ka san ka sauke mini kaya? Da farko abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Na yi kwanaki ba na son abinci. Daga baya na ce, Shitu, girman kai ne ya sa ka ɗauka Allah ya ɓoye wani abu a gonarka don kai kaɗai. Na nemi gafarar Abdullahi."

"Kwalaben fa?" in ji Ukasha. Bai ko zauna ba.

"Ya sa na juye su a rami," in ji Saude. "Kwalaben na wanke na ba masu man gyaɗa."

Ukasha ya dubi tsohon da ke zaune cikin natsuwa, hannunsa a cinyar 'yarsa, ya yi sulhu da ɗansa, ya yi sulhu da kansa. Shi kuwa an bar shi da reshe a kwamfuta wanda ba shi da suna, kuma ba zai taɓa samu ba. Ya ga bai dace a ce shi kaɗai zai koma da wannan nauyin ba.

Ya jawo kujera ya zauna, ya sassauta murya.

"Malam, na zo maka da labari ne. Biyun nan da na tafi da su, na sa an gwada ƙwayoyin halittarsu, don dai a tabbatar. Sabo ne. Babu irinsa a duk inda aka taɓa dubawa a duniya."

Saude ta ajiye rezar.

"Ƙirgarka daidai ce," ya ci gaba. "Da ka yi haƙurin damina ɗaya tak, da yanzu sunan marigayiya ya shiga littafi. Ban taɓa zaton za ka yi gaggawa haka ba, kai da ka koya mana cewa ba a yanke hukunci da duba ɗaya. Wurin da ka tsare shekara da shekaru, ka sa aka binne shi da bakinka."

"Kai ne fa ka ce masa birjik yake," in ji Saude. Muryarta ba ta tashi ba. "A gabana ka faɗa. Ka ce idonsa ne."

"Ra'ayi na bayar a bakin ruwa, Malama. Ban ce a kawo tifa ba."

"Yaushe ka sani, Dakta?"

"Saude," in ji Malam Shitu. "Baƙo ne. Kawo masa ruwa."

Ba ta tashi ba. Leɓɓan tsohon suna ta motsi. Can ya ce, "A bishiyar, ina ya faɗo?"

"Shi kaɗai ne a reshensa. Ya rabu da sauran tun da daɗewa."

"Ba ɗan uwan na Haɗeja ba ne ke nan."

"A'a. Danginsa na kusa suna bayan Tafkin Chadi."

"Bayan Chadi," in ji Malam Shitu a hankali, kamar mai jin labarin wani baƙo da ya kwana a gidansa ya tafi bai tambayi garinsu ba. Ya laluba bango ya miƙe. "Saude, kai ni gona."

"Baba, an yi feshi yau."

"Ƙwan yana da taurin rai. Wataƙila a gefe, inda tifar ba ta kai ba. Kai ni."

Ukasha ya yi musu sallama, ba wanda ya amsa. Ya bi bayansu daga nesa don motarsa tana can. Yana buɗe ƙofa ya hango su a cikin fadama. Tsohon ya durƙusa a cikin shinkafar, rigarsa ta jiƙe har ƙirji, yana tumɓuke shukar da hannu biyu yana cusa yatsu a laka, yana ɗebowa yana miƙa wa Saude ta duba masa. Abdullahi ya jefar da tankin feshi ya rugo yana cewa, "Baba, shinkafar! Baba, me aka ce maka kuma?" Tsohon bai ko juya ba.

Ukasha ya tayar da mota. Kafin ya hau kwalta hankalinsa ya fara dawowa. Suna dai ya tafi, amma bishiyar tana nan, kuma akwai mujallun da ke son irin wannan labari. Ya fara jera jimlar farko a ransa, game da wani reshe na musamman da ya ɓace daga doron ƙasa kafin kimiyya ta kai gare shi, saboda rashin sanin manoman karkara. Ya maimaita ta, ya canja kalma ɗaya, ya ji ta zauna. Wajen Tudun Wada ya tsaya ya sayi gasasshiyar masara, don tun safe bai ci komai ba.